BULON MAMAN AUTA

Shafi na 19

To masu ƙorafi, ga ni. Wata har rubutowa ta yi wai ko Gwaggo ta mutu ne ba a sanar ba. Ban mutu ba 'yar nan. Fasasshiyar gora ce ta yanke ni a yatsa, kuma da wannan yatsan nake danna waya.

Sababbin shiga, ku matso kusa. Ni ce mai tsince roba a gidan bulo. Ledar ruwa gefe, jarka gefe, bututu kuwa a yar da shi don hayaƙinsa kisa ne. Abin da na tsince a wanke, a niƙa, a narka a tukunya, a zuba yashi a juya, a ɗura a mazubi. In ya huce ya zama bulon da ake shimfiɗawa a tsakar gida. Mai wajen shi ne Mai Bulo, dattijon da matarsa ta rasu bara. Tun daga nan maganarsa ta koma "eh" da "a'a". 'Ya'yansa maza sun watse neman na kansu. Macen guda ce, Auta, nas ce a wani gari mai nisa, kuma tun da aka binne uwar ba ta sake tako gidan ba.

Sai ga ta kwatsam da tsohon ciki. A nan muka tsaya.

Da hantsi ina zaune tsakiyar buhuna, sai ta fito ta ƙofar baya, wadda ta haɗa gidan da wajen aiki. Ko sallama babu.

"Ina Baba?"

"Au, Auta. Cikin ne ya cinye gaisuwar?"

"Ina kwana, Gwaggo. Ina Baba?"

"Lafiya lau na kwana, tunda kin matsa sai kin ji."

Na nuna mata shi da baki. Yana zaune a kan kifaffiyar jarka kusa da injin niƙa, kofin shayi a hannu har ya yi fata a sama. Bango yake kallo kamar ana haska fim a jiki.

Ta tsaya a kansa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Baba, ina kayan Mama?"

Ya ci gaba da kallon bango.

"Na duba kicin, babu. Na duba bayan ɗaki, babu. Kwandon wanke-wanke, jan bokitin nan, kujerarta mai ɗaurin waya a ƙafa. Duk wannan na haƙura. Amma bahon fa, Baba? Shuɗin bahon?"

"Zauna, Auta. Tsayuwa ba ta yi miki da wannan cikin."

"A cikinsa ta yi mana wanka, mu duka. Shi na zo ɗauka. So nake in na haihu in saka abin da na haifa a ciki, tunda ita ba za ta gan shi ba."

Ya sunkuyar da kai.

Sai ta juyo kaina. Dama na san za a zo nan.

"Gwaggo, ke ce duk wata roba take bi ta hannunki."

"Ni? Je ki ɗakina ki duba, 'yar nan. Katifa ce, da rediyo, da wani ƙadangare da muke zaman haya tare. In kin ga baho ki ɗauka, ki haɗa da ƙadangaren, dama ba ya amsa hira."

"Ba wasa na zo yi ba."

"Ba ita ba ce," in ji Mai Bulo. "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Na narka su."

Mai Wuta, wato mai kula da tukunyarmu, yana can gefe yana faskare. Gatarin ya tsaya masa a sama. Ya sauke a hankali, ya kama gyara itacen da ba ya buƙatar gyara, kunne a miƙe. Maza ma fa suna son gulma, suna ne kawai ba a ba su ba.

Auta ta yi wata irin dariya marar daɗi.

"Ka narka."

"Eh."

"Kamar sharar da ake kwasowa daga kwata."

Ta ƙara matsowa kansa.

"Dama tun tana da rai tukunyar nan ta fi ta jin muryarka. Kullum tana zaune a bakin ƙofar can da kwanon abincinka a cinya, yana hucewa, kai kana nan kana juya narkakkiyar leda. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Yanzu ta tafi, ɗan abin da ta bari ma sai da ka mayar da shi kayan sayarwa?"

"Auta..."

"Wa ka sayar wa? A tsakar gidan wa ake taka bahon uwata?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Mutumin nan in da magana ake biyan kuɗin iska, da tuni ya shaƙe.

"Ka san me ya kawo ni bayan bahon? Na gyara maka ɗaki a gidana. Har labule na saka. Na ce tsohon nan shi kaɗai ne, bari in tafi da shi. Ashe ba kai kaɗai ba ne. Kana da tukunyarka. Zauna da ita."

Ta juya za ta tafi.

Jama'a, ku da kuke bina kun san hali. Magana ba ta kwana a cikina. Amma wannan na riƙe ta makonni, har ramewa na yi, zanina ya fara zamewa. Da na ga bayan yarinyar nan ta nufi ƙofa, sai na ji abin ya taso min har wuya.

"Ke Auta, dawo nan!"

"Gwaggo, bar shi," in ji Mai Bulo.

"Ba zan bari ba. Kore ni in ka so, dama ƙafata ta gaji da hanyar nan."

Ta tsaya, amma ba ta juyo ba. Sai na yi wa ƙeyarta bayani.

"Wata ranar da yamma, an tashi aiki kowa ya watse, na dawo ɗaukar tabarauna. Kin san wajen nan in babu mutane, ko leda ce ta motsa sai kin ji. Na leƙo ta jikin buhuna. Ubanki na gani durƙushe a bakin famfo da sabon sabulu, mai ƙamshi, ba irin wanda muke wanke shara da shi ba. Yana wanke bokiti. Yana wanke kwando, rami-rami, da ɗan buroshi. Ya zo kan bahon, ya daɗe yana shafa shi kafin ya saka ruwa."

Ta ɗan juyo.

"Bai saka su a inji ba. Da zarto ya yanka, da hannunsa. Sannan ya kankare tukunyar nan tas. Tukunyar da tun da aka sayo ta ba ta taɓa ganin soso ba! Ko ƙyallin leda na wani bai bari ya shiga ba. Kayanta kaɗai. Kuma yana yi yana magana."

"Da wa?"

"Ni dai ba da ni ba. Na ji yana cewa, 'Yi haƙuri, zafin na ɗan lokaci ne.'"

Mai Wuta ya juya mana baya, wai hayaƙi ya shiga idonsa. Wutar da ko kunna ta bai yi ba.

Auta ta dawo a hankali. Ta jawo wata jarka ta zauna da ƙyar, tana fuskantar uban.

"Baba, me ya sa?"

Ya ajiye kofin a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Rana ce ta ci su. Roba ba ta ruɓewa, amma tana mutuwa a inda take. Wata safiya na ɗaga bahon zan share ƙarƙashinsa, sai bakin ya ɓalle a hannuna. Ya marmashe kamar biskit."

Ya juya hannun, ya ci gaba.

"Bayan nan kujerar ta karye. Ba wanda ya zauna a kai, ita kaɗai ta durƙushe. Na ga kayan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, kamar yadda na zauna ina kallon ta a asibiti."

"Baba..."

"Ban iya magana ba, kin sani. Uwarki ma ta sani. Abu ɗaya na iya a duniya, in hana roba lalacewa. Bulo zai fi ni daɗewa. Zai fi ki ma."

"Me za ka yi da bulon?"

"Ɗan dakali. A bakin ƙofa, inda take zama. Ba babba ba, na mutum biyu. In riƙa cin abincina a can."

Na san cin abinci kai kaɗai. Cokali ma ƙararsa daban ce.

"Me ya hana ka gaya min?" in ji Auta.

"Na kira ki ranar da bahon ya fashe."

"Ka kira ni?"

"Kika ce kina kan aiki, za ki kira."

Ta rufe baki da hannu.

"Ban ga laifinki ba. Marasa lafiya sun fi ni buƙata. Ni lafiyata ƙalau."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci.

"Nuna min su. Ko taɓawa in yi."

Ya miƙe, har da ɗan sauri, kamar yaron da za a duba wa aikin makaranta. Muka bi shi zuwa babbar ƙofa, ta bayan tulin yashi, inda inuwar katanga take sauka.

Ya tsaya cak.

Babu komai. Sai shatin bulo a ƙasa, reras, da sawun taya.

"Jiya da yamma na fito da su daga ɗaki," ya ce, muryar can ƙasa. "Yau zan fara ginin."

Bari in fahimtar da ku. A gidan bulo, duk abin da aka jera a bakin ƙofa ya gama hucewa ke nan, na lodi ne. Ba a tambaya. Shi da kansa ya kafa dokar, don ba ya son a riƙa damunsa da "Oga wannan fa, Oga wancan fa." Kuma bulon roba ba shi da fuska. Ki zuba shuɗi, ki zuba ja, ki zuba ruwan ɗorawa, in ya fito duk launin toka ne mai duhu. Ba a gane na wani da na wani.

Mai Wuta ya matso yana murza hula.

"Oga, Dogo direba ne. Da sassafe ya zo, lodinsa bai cika ba, ya ga waɗannan a ƙofa..."

"Ina ya kai?"

"Sabon gidan hayar nan na kan tudu, inda ake shimfiɗa tsakar gida. Oga, wallahi da ka faɗa mana..."

"Da na faɗa muku me?"

Mai Wuta ya mayar da hularsa kai. To me zai ce? Dattijo ne zai tara ma'aikata ya ce ga matata a bakin ƙofa, kada a taɓa?

Auta ce ta tare tasi. Ni ma na cusa kaina a gaba. In an bar ni a baya, wa zai ba ku labari?

A mota ta madubi nake leƙensu. Shi ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon waje. Ita ta ajiye hannunta a kan kujera, kusa da nasa, saura kaɗan su haɗu. Har muka hau tudun ba wanda ya ƙarasa.

Muka shiga gidan.

Tsakar gida ce fal, daga ƙofa har bakin ɗakuna, an shimfiɗe ta kusan duka. Bulo iri ɗaya, launi ɗaya, sun kwanta kamar haƙora. Leburori suna ta kai da kawo a kai da takalmansu, wani na tura baro, wani ya tofar da yawu.

Mai Bulo ya tsaya a bakin shimfiɗar. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye a gefe.

"Baba, ta ina za ka gane?"

Ya durƙusa ya fara ƙwanƙwasa bulo da bayan yatsa, yana kara kunne. Ya matsa gaba da gwiwa. Ya ƙwanƙwasa na gaba.

Leburori suka tsaya kallo. Wani ya ce, "Tsoho ko zinariya ka binne?" Suka kwashe da dariya.

"Kai mai baro," na ce, "da haƙoranka kamar an fara gini kuɗi ya ƙare. Kama aikinka."

Sai ga birkila ya taho yana goge hannu a wando, wani kakkaura mai fensir a kunne.

"Lafiya, baba? A'a! Oga Mai Bulo ne da kansa? Dama ina nemanka. Yau ka ba ni kunya."

Mai Bulo ya ɗago.

"Shekara da shekaru ina aiki da bulonka, ban taɓa mayar da ko ɗaya ba sai wanda ya fashe a mota. Amma na safen nan akwai wasu a ciki, ba su kai ashirin ba, ba nauyi kamar burodi. Na buga guduma, sai na ji abin yana lotsawa. Yashinsu bai kai ba, Oga. Ko rabi bai kai ba. Wane sabon hannu ka saka a tukunya?"

"Ni na yi su."

"Kai? Haba. Kai da kake auna yashi da ido?"

Auta ta dafa kafaɗar uban.

"Baba, mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Na auno daidai. Na fara zubawa, na kai rabi, hannuna ya ƙi."

Ya ɗago ya kalle ta.

"An riga an zuba mata ƙasa sau ɗaya a gabana, Auta. Ban iya na biyu ba."

Birkila ya kalle ni, ya kalli Auta, ya cire fensirin daga kunne ya rasa inda zai saka shi.

Auta kuwa, da cikin nan nata, ta durƙusa a kan bulo kusa da uban, ta kifa kai a kafaɗarsa. Tun tana 'yar firamare rabon da in ga haka. Shi kuma ya ɗaga hannu ya rasa yadda ake yi, sai ya riƙa bubbuga bayanta kamar mai gwada ko bulo ya huce.

Ni ce na dawo da su duniya.

"Malam birkila, ka ce ba su da kyau. Ke nan ba ka shimfiɗa su ba?"

"Ina! Ni in shimfiɗa wannan? Mota ɗaya ta hau su shi ke nan. Gefe na ware su."

"Alhamdulillahi," in ji Auta, tana dariya da hawaye. "Baba ka ji? Ba wanda ya taka ta. Ina suke, Malam?"

"Ai na mayar."

"Ka mayar ina?"

"Wajenku mana. Na haɗa da fasassun na loda wa Dogo. Ya daɗe da tafiya, ta hanyar ƙasa ya bi, shi ya sa ba ku haɗu ba."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ita ba ma'aikaciyar gidan bulo ba ce, ba ta san abin da ta ji ba.

Ni na sani. Na kalli Mai Bulo, na ga fuskarsa ta koma launin bulonsa.

"Mene ne? Gwaggo, mene ne kuma?"

"'Yar nan, bulon da aka mayar ba ya kwana a wajenmu. Da an sauke, guduma ce, sai tukunya. Shi ake fara zubawa kafin sabuwar leda. Ubanki ba ya son a ga kayan da aka ƙi a harabarsa."

"Amma Mai Wuta ya ji komai ɗazu!"

"Ya ji. To ya zai gane su a cikin fasassu? Kuma shi a saninsa suna nan kan tudu, mu muka zo ɗauka."

Ta zaro waya. Na ba ta lambar Dogo ta kira, a kashe. Wayar Dogo dama ba ta san caji ba. Uban ya karanto mata lambar Mai Wuta. Ta shiga. Tana ta ƙara, tana ta ƙara.

"Ba zai ɗauka ba," in ji Mai Bulo.

"Don me?"

"In za a kunna wuta, kowa wayarsa a jaka take, a rataye a ƙusa can bakin famfo. Ni na ce a yi haka."

Muka fito ƙofar gidan da gudu-gudu, shi ko takalman bai tsaya ɗauka ba. Daga kan tudun nan ana hango unguwarmu gaba ɗaya, rufin kwano bayan rufin kwano. Can ƙasa, daidai inda gidan bulo yake, wani siririn hayaƙi yana tashi.

"Sun kunna," ya ce.

"Fari ne," na ce. "Auta, ki duba, fari ne! Itace ne kawai yake ci, tukunya ake zafafawa. In roba ta shiga baƙi yake komawa."

Mai tasin yana nan bai tafi ba, ya kwantar da kujera yana sakace. Auta ta fizge ƙofa, ta tura uban ciki, ta faɗa kusa da shi, ni ma na afka gaba zanina a hannu.

"Malam, taka motar nan!"

"Hajiya, da wannan cikin? Ko haihuwar ce ta zo?"

"Za su narka min uwa! Taka!"

Mutumin ya waigo ya kalle ta, ya kalle ni, ya ga ba mai dariya. Ya tayar.

Muka gangaro. Ba mai kallon hanya sai direba. Mu ukun idonmu na sama, kan farin zaren nan da ke tashi tsakanin rufi. Ta madubi na ga hannun Auta cikin na ubanta, ta damƙe har jijiya ta fito.

A kwanar kasuwa wata babbar mota ta gitta, ta tsaya tana ja da baya, ta tare mana hanya, ta tare mana sama.

Da ta matsa, na ɗaga kai.

Gindin hayaƙin ya fara duhu.